Mota ɗaya, ɗalibai huɗu: Wa ya san direban da kuke haɗa wa kuɗin mai?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Dogon Daji ranar Lahadin ƙarshen hutu zai ga yadda karatu ke kwashe matasan gari. Ga mai jakar bakko, ga mai ɗan buhun garin rogo, ga wadda aka ɗaure wa ƙuli-ƙuli da yaji a leda. Kusan dukkansu Sakkwato suka nufa: wasu Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu kuma makarantar horar da malamai mai sunan Shehu Shagari.

Garin, wanda ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Tambuwal da Shagari da Boɗinga ta shiga Sakkwato, don haka mota ba ta yankewa. Sai dai da yawa daga motocin da ke wucewa sun riga sun yi lodi tun daga Jega ko Yawuri, ɗalibi ya yi ta ɗaga hannu suna wuce shi kamar ba su gan shi ba. Na ƙauyukan Kebbe ya fi shan wahala, domin sai ya fara biyan kuɗin da zai fito da shi bakin babbar hanya. In an isa Sakkwato ma tafiya ba ta ƙare ba. Daga tasha sai a nemi kabu-kabu ko Keke Napep, wanda wasu ke kira agwagwa da buje, kuma ɗan Danfodiyo yana da sauran tafiya zuwa mazaunin jami'ar na dindindin a wajen gari. Tafiya ɗaya, kuɗin mota uku.

A da ana iya haƙuri da hakan. Amma ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama aiki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati ta kai Naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Kuɗin mota ya bi sahu, kuɗin guzurin da iyaye ke bayarwa kuwa bai motsa yadda ya kamata ba. Daga nan ɗalibai suka ƙara kama dabarar haɗa kai: a sami wanda zai shiga Sakkwato da motarsa, ko yayan wani, ko malami, ko ɗan kasuwa, a rubuta a zauren WhatsApp na 'yan gari cewa akwai wurin mutum uku, kowa ya kawo nasa kason kuɗin mai, a sauke kowa kusa da ƙofar makarantarsa.

Abin da Turawa suka mayar kamfani

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Rage hanya, shata da karo-karo duk sun girmi wayar hannu. Abin da ya faru a wasu ƙasashe shi ne an ɗauki dabarar an zuba ta cikin manhaja an mayar da ita kasuwanci, kuma iri uku ne da ake yawan rikita su.

Na farko shi ne motar da mutane da yawa ke amfani da ita ba tare da ta zama ta ɗayansu ba. Kamfanin Zipcar da aka kafa a Amurka a shekarar 2000 shi ne sanannen misali: motoci na ajiye a unguwanni, mai rajista ya buɗe da kati ko da waya, ya tuƙa da kansa na awa biyu ko uku, ya mayar ya ajiye. Na biyu shi ne wanda ya fi kama da na ɗalibanmu. BlaBlaCar, da aka fara a Faransa a 2006, yana haɗa mai mota da zai yi doguwar tafiya da waɗanda za su bi hanyarsa, su raba kuɗin mai. Sunan ma daga surutu aka samo shi, domin kowa yana nuna ko shi mai shiru ne a mota ko mai zuba. Da a nan ne, da wasu abokanmu sun cinye makin surutun tun kafin a kai Shagari.

Na uku shi ne tasi ta waya. Uber ya shigo Legas a 2014, Taxify ya biyo baya a 2016 kafin ya koma Bolt a 2019. Matashi ɗan shekara 19 mai suna Markus Villig ne ya kafa shi a ƙasar Estoniya a 2013. Labarin inDrive kuwa ya fi kusa da namu. A lokacin sanyin 2012 a birnin Yakutsk na Rasha, masu tasi suka ninka kuɗi saboda tsananin sanyi, sai matasan garin suka buɗe zaure a dandalin sada zumunta inda mai son tafiya zai faɗi inda za shi da abin da zai iya biya, mai mota ya karɓa ko ya ƙi. Daga wannan zauren kamfanin ya samo asali, shi ya sa har yau ake ciniki a cikin manhajarsa kamar a kasuwa.

Abin da tasha ke yi wanda ba a gani

Ba sai an tuna wa kowa laifin tasha ba. A zauna awa biyu ana jiran mutum ɗaya ya cika mota. Ɗan kamasho ya ƙara nasa a kan kuɗin. A cusa mutum biyu a gidan gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda kaya. Wanda ya taɓa zama a kan birkin hannu tun daga Tambuwal har Sakkwato ba ya bukatar bayani.

Duk da haka akwai aikin da tasha ke yi a ɓoye, kuma sai an bar ta ake gane shi. Direban da ke lodi a tasha yana da layi, yana da rajista da ƙungiyar direbobi ta NURTW, shugabannin reshe sun san shi sun san motarsa. In ka manta jaka, akwai inda za ka koma ka tambaya. In mota ta lalace a hanya, akwai al'adar a mayar da fasinja cikin wata. A tashoshin da ke bin ƙa'ida akwai takardar sunayen fasinjoji, inda kowa ke rubuta sunansa da inda za shi da lambar wani nasa, kuma da ita ake nemo dangi in wani abu ya faru. Mutane da yawa suna rubuta lambar ƙarya a takardar nan don gaggawa ko don raini, alhali ita kaɗai ce za ta yi magana a madadinsu ranar da ba za su iya magana ba.

Wato tasha, da duk hayaniyarta, tana amsa tambaya ɗaya: wa ya san direban nan? Da zarar ka bar tasha ka shiga motar da aka samo a waya, kai ne za ka amsa tambayar da kanka. A ganina nan ne ɗalibai suka fi sakaci. Sanarwa ta fito a zaure, wani ya turo ta daga wani zauren, shi ma daga wani, har ta iso gare ka ba a san wanda ya fara rubuta ta ba. Ganin saƙo a zauren 'yan garinku bai mayar da mai motar ɗan garinku ba. Tambayar da ta kamata ita ce: wa ya taɓa shiga motarsa, ɗan wane gida ne, wa zai tsaya masa? In aka bi sarƙar aka kasa kaiwa ga mutum ɗaya da ka sani ido da ido, to motar baƙo ce, ko da kuɗinta rabin na tasha ne. Araha ba ta ado.

Mazauna Abuja sun san ƙarshen wannan sakaci. 'Yan wan-cans suna yawo da mota kamar ta haya, da abokan aikinsu a ciki suna kwaikwayon fasinjoji, wanda ya shiga a ƙwace masa waya a tilasta shi ya kwashe kuɗin asusunsa. A watan Satumban 2023 wata matashiya ta rasa ranta a birnin bayan irin waɗannan mutane sun wurgo ta daga mota. Yawancin ɗaliban da ke karanta wannan shafi wata rana za su je irin waɗannan birane, ko don horon sanin makamar aiki ko don yi wa ƙasa hidima, kuma ɗabi'ar da aka saba da ita a gida ita ake tafiya da ita.

Abin da za a yi ba shi da tsada. Kafin mota ta tashi, ɗauki hoton lambarta ka tura wa wani a gida tare da sunan direba da lambar wayarsa, kuma ka yi hakan a gabansa ba a ɓoye ba. Direban kirki ba ya jin haushi. Wanda ya ɓata rai don an ɗauki lambar motarsa ya riga ya gaya maka abin da kake son sani. A WhatsApp akwai wurin da ake tura wa mutum inda kake kai-tsaye na awa ɗaya ko takwas, yana ganin tafiyarka a taswira muddin akwai sabis da data. Ɗaya daga cikinku ya rubuta sunayen duk waɗanda ke cikin motar ya tura zauren. Takardar tasha ke nan kun yi da kanku.

Lissafin da ke raba abokai

Haɗari ba kullum yake zuwa ba, amma rigimar kuɗi kusan kullum tana nan, kuma ta fi ciwo saboda tsakanin 'yan gari ɗaya take faruwa. Mu ɗauki misali don sauƙin lissafi: tafiyar kilomita 100, kwatankwacin nisan Tambuwal zuwa Sakkwato, a ƙaramar motar da ta ɗan kwana biyu tana shan lita 10, a kan Naira 1,000 kowace lita. Kuɗin mai Naira 10,000 ke nan.

Yanzu tambaya: kashi nawa za a raba? In mai motar da ma zai je Sakkwato don harkarsa, adalci shi ne a lissafa da shi, mutum biyar, kowa Naira 2,000. In ya ce shi ya kawo mota, ya kawo ƙarfinsa, kuma taya da baƙin mai duk a kansa suke, don haka fasinjoji huɗu su ɗauki man, kowa Naira 2,500, shi ma yana da hujja, domin mota ba fetur kaɗai take ci ba. Amma in saboda ku kawai ya tada mota kuma zai koma gida babu kowa, wannan ba karo-karo ba ne, shata ce, kuma man zuwa da na komowa Naira 20,000 ne kafin a zo maganar ladansa. Kowane cikin ukun daidai ne in an faɗe shi tun farko. Ɓarnar tana zuwa ne in fasinja na lissafi da na farko, mai mota na lissafi da na uku, kunya ta hana kowa magana sai an isa gidan mai.

Kunya dai ita ce babbar matsalarmu a nan. Yaro ba ya iya tambayar yayan abokinsa, “Yaya, nawa za mu bayar?” sai ya yi shiru, shi kuma babban ya ce a bar shi kawai alhali yana sa rai. A rubuta adadin a zaure kafin ranar tafiya, kowa ya gani. A faɗi wurin sauka, domin ƙofar Jami'ar Jiha da cikin Danfodiyo ba nisa ɗaya ba ne, kuma wanda za a kai ƙarshe ya san zai ƙara wani abu. A faɗi kaya: mai buhun gero da katifa ya ci wurin mutum guda. A faɗi wanda zai biya faci in taya ta yi. A tsayar da lokacin tashi da inda za a tsaya sallah, kuma wanda ya fasa da safiyar tafiya ya san kasonsa na kansa, don ba a kan sauran zai faɗa ba.

In kai ne a sitiyari

Akwai kuma ɗalibin da ke ɗaya ɓangaren, wanda ya karɓi makullin motar Baba ko ta Kawu yana ganin ya sami hanyar da za a zuba masa mai kyauta. Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi, kuma iya juya mota a filin ƙwallo daban yake da haɗuwa da tirela a kan kwana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha nanata a rahotanninta cewa gudun wuce kima ne kan gaba wajen jawo haɗari a titunan Najeriya. Ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 80 a awa a irin wannan babbar hanya, 50 a cikin gari. Titin nan yana ratsa garuruwa da kasuwanni, ga babura, ga amalanke, ga dabbobi masu tsallakawa ba sallama. Matashi mai abokai huɗu a mota suna zuga shi yana cikin jarrabawar da ta fi ta aji wuya.

Sannan akwai maganar takardu. Lambar motar gida da shuɗin rubutu take, ta haya da ja, ta gwamnati da kore. Inshorar dole mafi ƙanƙanta ta motar gida, wadda ta koma Naira 15,000 a shekara tun daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ta gyara motarka, kuma an yanke ta ne a kan amfanin gida, ba ɗaukar fasinja don riba ba. Raba kuɗin mai da abokan karatu abu ɗaya ne. Tsayawa bakin hanya kana kiran “Sakkwato mutum ɗaya” wani abu ne daban, kuma shi ke haɗa mutum da 'yan ƙungiyar direbobi, waɗanda ke biyan kuɗin layi kullum suna kallon ka kwashe musu fasinja.

Fasinja ma yana da ikon duba mota. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Hukumar kiyaye haɗurra na ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, kuma zafin kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ba ya yi wa tsohuwar taya uzuri. Ɗaura bel doka ce da ake aiwatarwa tun 2003. Mutum biyu a gidan gaba kuwa ba su da bel ɗin da zai ishe su.

Ga 'yan uwa mata

Ɗalibai mata su suka fi cin moriyar wannan tsari, su kuma suka fi bukatar tsantseni. Motar da aka san mai ita, aka cika ta da ƙawaye, aka sauke kowa a ƙofar makaranta, ta fi matsatsin motar tasha mutunci nesa ba kusa ba, kuma iyaye sun fi natsuwa da ita. Abin gudu shi ne ki zama ke kaɗai kika rage bayan an sauke kowa, ko a ce miki sauran sun fasa bayan kin riga kin shiga. Tsara sauka yadda biyu za su sauka tare a ƙarshe. Lambar direba ta kasance a wayar Baba ko Yaya, kuma in da hali wani namiji na gida ya rako ki su gaisa da direban. Gaisuwar nan ta minti ɗaya tana sanar da shi cewa akwai masu jiran labarin isarki.

Ranar da aka shiga babban birni

A cikin Sakkwato kabu-kabu da keke ne abin hawan ɗalibi, amma wanda ya je Abuja ko Legas zai haɗu da tasi ta waya, kuma akwai abu biyu da ke ruɗa baƙo. Na farko, kuɗin ba a tsaye yake ba. In masu nema sun yi yawa motoci sun yi kaɗan, kamar lokacin tashi daga aiki ko in ana ruwa, manhaja na ɗaga farashi da kanta, wani lokaci haƙurin minti goma sha biyar na sauko da shi. Na biyu, direba na iya kiran ka ya ce ka soke tafiyar a waya ka ba shi kuɗin a hannu. Yana da dalilinsa: wasu kamfanonin na cire kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na kuɗin kowace tafiya, kuma a watan Yunin 2023, bayan tashin kuɗin mai, direbobin manhaja sun yi yajin aiki a kan haka. Sai dai da zarar ka soke, babu sauran shaidar cewa ka shiga motar, babu taswirar da ke bin ka, babu inda za ka kai ƙara. Ka biya kuɗin manhaja ka hau motar bakin hanya. In kana son taimaka masa, ƙara masa wani abu a hannu bayan an isa. Kafin ka buɗe ƙofa kuma, gwada lambar motar da fuskar direba da abin da waya ta nuna maka; in suka saɓa, kada ka karɓi bayanin cewa motar ɗan uwansa ce.

Lokacin da haɗa mota ya fi yawa a yankin Tambuwal da Kebbe shi ne na jarrabawar JAMB, sa'ad da ake tura yaran da wasunsu ba su taɓa kwana a birni ba zuwa cibiyoyin kwamfuta, wasu da jarrabawar sassafe. Nan ne ake tada mota da duhun asuba, direba bai yi barci ba, ana gudu don kada a makara, ga halin tsaron da ya sa tafiyar dare ta zama abin gudu a sassan jihar. Makarantu da iyaye za su iya haɗa yaran da ke cibiya ɗaya da rana ɗaya tun da aka fitar da takardar shaidar zama jarrabawa, su tafi da rana kwana ɗaya kafin lokaci tare da malami ko wani babba, su kwana wurin ɗaliban garin da ke karatu a Sakkwato. Kowane yaro ya rubuta lambar wani nasa a takarda ya sa a aljihu, tun da ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, ya kuma haddace 122, lambar kiran gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, wadda ake kira kyauta.